Tsohuwar da Ke Cikin Littafi

Ni dai wajen zaɓa wa mutum littafi ba na shakkar kowa. Ka haɗa ni da mutum mu ɗan taɓa hira, kafin shayinsa ya huce na san abin da zan miƙa masa, kuma zai karanta har a yi ta kiransa cin abinci yana cewa ga shi nan zuwa. Ba cika baki ba ne, aikina ne. Na daɗe ina aiki a laburaren ma'aikatarmu tun muna Legas, kuma da gwamnati ta tattara komatsanta ta dawo Abuja, da ni aka taho, ni da kwalayen littattafai da aka ɗaure da igiya, wasu sun sha ruwan sama a hanya.

Abujar wancan lokaci ba irin ta yanzu ba ce. Ofisoshi na warin sabon fenti, titi mai faɗi sai ya kai ka bakin daji ya tsaya, jar laka kuwa da damina har gwiwar wando. Yawancin ma'aikata sun baro iyalinsu a can, suna jiran a ba su gida. In aka tashi aiki babu wurin zuwa, babu wanda za a je wa hira. Nan ne kasuwata ta buɗe. Mutanen da a Legas ko hanyar laburare ba su sani ba, sai ga su suna leƙowa, suna shafa ƙeya, wai ko akwai ɗan abin da mutum zai rage lokaci da shi.

Akwai wata mai buga tafireta da kewar mijinta ta sa ta rame. Kowa ya ce in ba ta littafin soyayya. Na ƙi. Wanda kewa ke ci ba a ƙara masa da labarin masoya. Na ba ta wani sabon littafi na binciken satar shanu, wanda sai a shafin ƙarshe ake gane ɓarawon. Washegari ta shigo da jan ido tana zagina, wai na hana ta sukuni, a ba ta wani irinsa. Ogan sashenmu kuwa, mutum mai son a ga yana karanta manyan littattafai, na lura duk wanda ya ara ba ya wuce gabatarwa. Na ba shi wani siririn littafin tafiye-tafiye na wani ɗan kasuwa mai ban dariya, na ce masa wai don 'ya'yansa ne. Ya dawo da shi gefen shafuka duk man gyaɗa, alamar shi ya cinye abinsa.

Ina da ƙa'ida guda da ba na sassautawa. In aka ce in zaɓa wa yaro littafi, biyu nake bayarwa, ɗaya na yaron, ɗaya na babban da ke gidan. Iyaye suna ta ƙorafi, wai su ba su tambaya ba. Nakan ce musu yaro ba zai zauna da takarda ba a gidan da bai taɓa ganin babba ya zauna da ita ba. In ba za ka ɗauki naka ba, ajiye min na yaron. Wasu sukan yi fushi su fita, amma yawanci sukan dawo.

Rabon gidajen ma'aikata bai kawo kan ƙanana irina ba, don haka na kama hayar ɗaki a wani ƙauye da ke kusa da Jiwa, ina bin motar haya safe da yamma. Mai gidan wata dattijuwa ce 'yar Gbagyi, kowa Mama yake ce mata, ni ma na bi sahu. Manomiyar doya ce, gajeriya, mai ƙarfi kamar turmi. Ba ta ɗora kaya a ka, a kafaɗa take ɗauka kamar sauran matan garin, ta ce kai shi ne sarkin jiki, ba a mai da shi jaki. Ranar Lahadi takan tafi coci, ni kuma in na shimfiɗa sallaya sai ta kore kaji daga ƙofar ɗakina. Kabarin mijinta yana bayan ɗakinta, ƙarƙashin wata ɗorawa, kullum da safe sai ta share shi kafin ta share tsakar gida.

Su biyu ne a gidan, ita da jikarta. Yarinyar tana firamare, uwarta ta rasu tun tana goye, Mama ce ta raine ta da kunu da haƙuri. Uban direban tifa ne, yana jigilar yashi zuwa wuraren da ake gine-gine, yana zaune can wajen Karshi, sai jefi-jefi yake leƙowa ranar Lahadi. Yarinyar shiru-shiru ce, mai manyan idanu, ga aiki kamar me. Abu ɗaya ne matsalarta, an maimaita mata aji, kuma malaminsu ya aiko cewa har yanzu ba ta iya karatu ba.

Wata Lahadi na ji murya ta tashi a tsakar gida da yarensu. Ban ji abin da ake cewa ba, amma faɗa ba ya bukatar tafinta. Da uban ya tafi, Mama ta zo ƙofar ɗakina ta zauna a ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba.

“Anti,” ta ce da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, “ɗana ya ce zai ɗauke yarinyan nan. Matan oganshi ya zo daga Legas, yana neman 'yar aiki. Ya ce makaranta ba ya shiga kanshi, gara ya je ya koyi aikin gida.”

Na ce, “Yaushe?”

“In an yi hutu. Ya ce in ya zo, yarinyan ya ɗauki takarda ya karanta a gabanshi, kowane iri, zai bar min. In bai iya ba, shi ke nan.” Ta dube ni. “Ke ce mai littafi. Ni ba ni da kowa sai yarinyan nan.”

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san irin gidajen. A lokacin duk madam ɗin da ta sauka garin sai ta aika a nemo mata yarinya daga ƙauye, kuma wadda ta shiga ba kasafai take komawa aji ba. Amma ban tsorata ba. Na ce wa Mama ta tashi daga ƙasa, wannan aikina ne, ta bar min.

Na fara da abin da na saba. A lokacin sababbin littattafan yara suna shigo mana, masu hotuna kala-kala, takarda mai sheƙi. Na kwaso wa yarinyar masu kyau. Akwai na wani yaro da ya je ganin jirgin ƙasa, akwai na dabbobin dawa, akwai na wasu 'yan mata da ke zuwa rafi ɗiban ruwa. Na zaɓi na Hausa da gangan. A gida Gbagyi take yi, a kasuwa Hausa, Turanci kuwa a aji kawai take jin sa, tare da bulala. Na san in haruffa suka buɗe mata a harshen da take ciniki da shi, Turancin zai biyo baya.

Ta karɓa da hannu biyu, ta durƙusa ta yi godiya, ta duba hotunan tsaf, ta rufe. Na 'yan matan rafi ne kawai ya sa ta magana. Ta nuna tulunan da ke kawunansu ta ce, “Anti, waɗannan ba mutanenmu ba ne.” Ta mayar min da shi.

Na zauna da ita na gwada ta. Ashe ta san haruffa sarai, har tana iya haɗa su in ta ga dama. Amma da ta buɗe baki sai muryarta ta maƙale, ta riƙa satar kallona tana jiran in ce ta yi kuskure. A hankali na gano cewa a aji in ta tashi karatu yara dariya suke mata saboda yadda harshenta ke karya kalmomi, malamin kuma ya ce ta zauna. Ta yanke wa kanta hukunci cewa shiru ya fi. Na lallaɓa, na yi wasa, na yi faɗa, har alewa na saya, abin da na tsana a harkar karatu. Yarinya ta shanye alewa, littafi yana nan a rufe.

Ban ce na gaza ba, don rabin ƙa'idata kawai na yi aiki da shi. Na ba yaro nasa, saura na babba. Sai dai babban gidan nan ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Na yi kwanaki ina juya abin a raina a cikin mota, har na tambayi kaina, wa ya ce dole sai da ido ake cin littafi?

Ana cikin haka wani kwali ya iso ofis daga wani kamfanin ɗab'i na arewa. A ciki akwai wani sabon ƙagaggen labari na Hausa, bango ba ado, ciki ba hoto ko ɗaya. Labarin wata tsohuwa ce da mijinta ya rasu, aka zo aka ce za a gina madatsar ruwa, garinsu zai nutse, kowa ya tashi a koma sabon matsuguni. Ita kuwa ta ce ba inda za ta, kabarin mijinta yana nan. Na fara shi a mota, ban ankara ba sai da kwandasta ya buga jikin mota ya ce Anti an wuce da ke. Tun kafin in kai tsakiya na san wadda zan kai wa littafin nan.

Abokiyar aikina, wata 'yar Filato da muke zama tebur ɗaya, ta riƙe baki da na gaya mata.

“Haba ke kuwa! Matar da masu awo suka kafa wa turaku a bakin gona, ita za ki kai wa labarin tashin gari? So kike hawan jini ya kama ta?”

Gaskiya ne, an kafa turakun. Ba wanda ya san ko hanya ce za ta bi ta nan ko unguwa za a yanka, kuma a ƙauyen ba a maganar sai da ƙasa-ƙasa da murya. Amma na ce mata ni na san mutane. Abin da mutum yake tsoro shi ya fi son ji, in dai a kan wani ya faru. Ta ce in ta kwaɓe kada in ce ba ta gaya min ba. Na sa littafin a jaka.

Bayan la'asar Mama takan zauna gindin mangwaro tana ɓare gyaɗa ko fere rogo, yarinyar na gefe tana taya ta. Na jawo kujera na zauna kusa, na buɗe littafin na fara karantawa da ƙarfi, kamar don kaina nake yi. Mama ba ta ko ɗago ba. Da na kai inda tsohuwar ta kori ma'aikacin gwamnati da muciya, sai na ji wuƙar fere ta tsaya.

“Wane gari ne wannan?”

Na ce, “A littafi ne, Mama.”

“Matan nan yana da hankali. Ci gaba.”

Shi ke nan ta kamu. Kullum ina sauka daga mota zan tarar an share gindin mangwaro an ajiye min kujera. Mama ba ta sauraro da shiru. Takan yi wa tsohuwar faɗa, ta ba ta shawara, ta tsine wa dagacin garin da ya sa hannu a takarda. Da ɗan tsohuwar ya zo daga birni yana lallashinta ta tashi, Mama ta yi tsaki ta ce duk haka suke, in sun sa wando mai guga sai su manta wanda ya wanke musu kashi. Yarinyar kuwa tana ɓare gyaɗa, amma na lura kunnenta yana wajenmu.

Na ja su har tsakiyar littafin, daidai inda motocin kwasar kaya suka shigo gari, maƙwabta suna ta loda tukwane da awaki, tsohuwar ta shige ɗaki ta sa sakata. Nan na rufe littafin.

“Mama, daga gobe ba zan riƙa dawowa da wuri ba. Kwalaye sun ƙara zuwa daga Legas, an ce mu tsaya mu jera.”

Ba ƙarya na yi ba, kwalaye sun zo. Abin da ban faɗa ba shi ne ni na ɗaga hannu na ce a ba ni aikin.

“To matan fa? Ya fito ko bai fito ba?”

“Yana cikin littafin.”

“Ke kin sani. Faɗa min.”

“Ni ba na faɗin ƙarshen littafi, Mama, ko ogana ne ya tambaya.” Na ɗora shi a kan turmi. “Ga jikarki nan, ta san haruffa.”

Ranar na sha faɗa da harshe biyu. Ta ce ni muguwa ce, ta ce haka mutanen gwamnati suke, su fara abu su bar shi a tsakiya kamar titunansu. Ko a jikina. Na shige ɗaki ina dariya ƙasa-ƙasa.

Kwanakin farko ban ga abin da ya faru ba, sai dai in na dawo gab da magariba in ga littafin ya bar kan turmi. Ranar Asabar ina wanki a bayan ɗaki na ji su. Yarinyar tana jan kalma ɗaya kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi, ta tsaya, ta koma, ta sake. Jimla guda sai ta ɗauke ta lokacin da ni zan gama shafi. Na tsaya da sabulu a hannu ina jiran in ji Mama ta gaji.

Ba ta gaji ba. Mama ba ta san akwai karatu mai sauri da mai nawa ba, a wajenta duk wanda ya sa takarda ta yi magana gwani ne. Ba ta gyara mata, ba ta dariya, ba ta san ma an yi kuskure ba. Abu ɗaya kawai take cewa in yarinyar ta tsaya: “Sai me ya faru?” A aji kuskurenta ake jira, a nan kuwa labari ake jira daga bakinta. In ta ci karo da kalma mai wuya takan rugo wajena da yatsa a kai, in faɗa mata, ta koma da gudu don Mama tana ƙwala mata kira.

Sannu a hankali muryar ta saki. Har ta fara canza murya in dagaci ne ke magana, tana kumbura kumatu, Mama tana tafa hannu. Sai a lokacin na ba ta nata na yara, wani sabo mai labarin akuyar da ta ɓuya a motar kasuwa ta tsinci kanta a birni. Ban ce ta karanta ba, na ajiye mata kawai. Bayan 'yan kwanaki na gan ta a bakin rijiya ta tara ƙananan yaran maƙwabta tana karanta musu, tana harararsu in sun yi surutu.

Aka yi hutu, uban ya zo ranar Lahadi da rana, da kayan cocinsa a jiki. A hannunsa akwai wata sabuwar jakar buhu mai zif, babu komai a ciki. Kowa ya san ta mece ce. Ba mugun mutum ba ne, in faɗi gaskiya. Gani yake yana nema wa 'yarsa mafita, kuma yana tsoron ɓata wa ogansa rai. Ya gaishe ni a daƙile, ya zauna a benci.

Babi ɗaya ya rage musu a littafin. Mama ta ce ba wata takarda da za a kawo, wannan ɗin za a karanta, ita ma tana son ta ji ƙarshe. Yarinyar ta zauna a tabarma, uban yana bayanta yana leƙen shafin, don ya yi firamare, yana iya bi. Ta fara da rawar murya, sannan ta daidaita. Na ga uban ya gyara zama. Ya dubi shafin, ya dubi ƙeyar 'yarsa, ya sake duban shafin. Ni kuwa na harɗe hannu ina jin daɗina, har na fara tsara irin baƙar maganar da zan gaya wa abokiyar aikina gobe.

Saura kaɗan a gama sai ta tsaya. Na ga idonta yana gudu a kan shafin har ƙasa, ta juya na gaba ta leƙa, ta dawo. Ta ɗago ta dubi kakarta. Sannan ta ci gaba da murya santala, ba ko tuntuɓe: wai sai ga wani babban jami'i ya zo ya ce an fasa, ruwa ba zai kawo garin ba, tsohuwa ta buɗe ƙofa ta fito, ta ci gaba da zama kusa da kabarin mijinta har ƙarshen ranta.

Ni na karanta littafin, na san ba haka aka rubuta ba.

Mama ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah. Uban kuwa ya miƙa hannu ya fizge littafin, ya bi layin da yatsa, fuskarsa ta canza.

“Ina aka rubuta haka? Ina jami'i a nan?” Ya juyo kaina. “Anti, ashe haka ne? Kun koya mata ta haddace, ta zo ta yi min wasan kwaikwayo? Inda haddar ta ƙare sai ta fara ƙirƙira. Ni za a mayar mumu, a raina min hankali?” Ya jefa wa yarinyar jakar. “Je ki sa kayanki.”

Na miƙe. Ban ɗaga murya ba, amma na tabbata ya ji ni.

“Malam, zauna. Kai da kake bin ta da ido, a ina ta tsaya? Ba ka ga ta juya shafi ta dawo ba? Ta riga ka kaiwa ƙarshe, a zuci, ba ta ko motsa baki ba. Abin da ta gani ne ba ta so kakarta ta ji. In ba ta iya karatu ba, ta yaya ta san wurin da za ta ɓoye? Tambaye ta.”

Yarinyar ta fashe da kuka. Ta yi wa kakarta magana da yarensu, gajeriya, tana sheshsheƙa. Mama ta sauke hannunta a hankali. Ta daɗe tana kallon wajen ɗorawar nan ta bayan ɗaki. Sannan ta karɓi littafin daga hannun ɗanta ta ɗora wa yarinyar a cinya, ta yi magana da Hausa don ni ma in ji.

“Karanta min yadda yake. Na binne miji, na binne uwanki. Takarda ne zai kashe ni?”

Yarinyar ta share hawaye da gefen zani ta karanta, uban ya durƙusa kusa da ita, yatsansa yana bin kowace kalma. Ruwa ya fara shigowa gonaki. Tsohuwar ta zare sakata da sassafe, ta share kabarin mijinta tas, ta ɗebi ƙasarsa ta ƙulle a bakin zaninta, ta hau motar ƙarshe. Yarinyar ba ta tsallake ko kalma ɗaya ba, har inda aka sa aya.

Ni kaina da na san ƙarshen sai da idona ya ciko, kuma maganar abokiyar aikina ta faɗo min a rai.

Mama ta ce, “Da wa ya tafi?”

Yarinyar ta duba shafin. “Ita kaɗai, Mama.”

“Ba jika?”

“Babu.”

Mama ta gyaɗa kai. Ta juya ta fuskanci ɗanta, ba faɗa, ba hayaniya.

“Ka ji. Mutanen turaku in sun dawo, takarda za su kawo. Kai kana kan tifa. Anti za a ba shi gida a gari, zai tafi. Wa zai karanta min abin da suka rubuta, in ka kai wannan wanke kwanon madam? So kake in hau mota ni kaɗai kamar matan nan?”

Ya daɗe a durƙushe yana kallon littafin a cinyar 'yarsa. Can ya ce mata ta sake karanta masa layin farko na babin, ta karanta. Ya buɗe wani shafi can baya da ka, ya nuna, ta karanta. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwar wandonsa, ya ce zai gaya wa oga a nemi wata. Da zai fita ya tsaya a gabana kamar zai ce wani abu, sai kawai ya ce, “Anti, sannu da aiki.” Jakar tana nan yashe a tabarma, bai waiwaye ta ba.

Da ƙarar tifarsa ta yi nisa, Mama ta jawo kwandon gyaɗarta ta ci gaba da ɓara kamar ba abin da ya faru. Ba ta dube ni ba ta ce, “Ke muguwa ne, Anti. Gobe kawo wani.”

Na ce, “Wane iri, Mama? Mai daɗin ƙarshe?”

“Kowane iri. Ke kin sani. Amma biyu, nawa da nashi.”

Washegari na dawo da biyu, na wata ungozoma mai bakin tsiya don Mama, da na wasu 'yan mata masu kiwon zomaye don yarinyar. Na tarar an buga ƙusa a bangon ɗakin Mama an rataye jakar nan mai zif. A ciki suka riƙa ajiye littattafan, don kada gara ta ci su.